Kifi ba ya barin sawu: yadda ake bin kifayen kogi da rediyo lokacin cikar ruwa

Dabbar tudu duk wayonta sai ta bar maka wani abu a baya, ko sawu a yashi ko kashi ko gashi a jikin ƙaya, amma kifi da zarar ya juya ya nutse shi kenan ruwa ya rufe bayansa kamar bai taɓa wucewa ba. Shi ya sa shekara da shekaru masana kifi suna cikin duhu kan tambayoyi masu sauƙin faɗa: ina kifin nan yake kwana lokacin sanyi, yaushe yake tashi, ina yake zuwa zuba ƙwai, kuma me ke tsare shi a hanya. Da can dabarar da ake da ita ita ce ka kama kifi ka maƙala masa alama mai lamba ka sake shi, ka zauna jiran ranar da wani zai sake kama shi, in ka yi sa'a kenan, kuma ko ka yi sa'ar abin da za ka sani wuri biyu ne kacal, inda aka sake shi da inda aka kama shi. Duk abin da ya faru a tsakani babu labari, alhali tsakanin nan shi ne rayuwar kifin.

To wannan gibin ne 'yar rediyon da ake sa wa a jikin kifi ta zo ta cike. Tun a 1956 aka fara gwada bin kifin salmon a kogin Kolumbiya na Amurka da na'ura mai fitar da sauti a cikin ruwa, daga baya wajen ƙarshen shekarun 1960 aka shigo da ta rediyo, kuma har yau a kogunan ruwan daɗi masu gudu da duwatsu ta rediyon ce aka fi dogara da ita. Abin ba wani siddabaru ba ne, batir ne da 'yar na'ura da siririyar waya a matsayin eriya, an lulluɓe su da roba mai tauri yadda ruwa ba zai shiga ba, tana ta aika sigina tik, tik, tik duk bayan 'yan daƙiƙu, kai kuma kana waje da risiba da eriya kana saurare.

Bari in fara da lokacin tukunna, don shi ne ginshiƙin maganar. A ƙasashen da ake dusar ƙanƙara, bazara na nufin watannin da sanyi ke janyewa, daga Maris zuwa wajen Yuni, ƙanƙarar da ta taru a kan duwatsu duk tsawon hunturu ta fara narkewa tana gangarowa, kogin da yake kwance siriri sai ya kumbura ya yi ja da laka ya haura gaɓa ya shiga fadamu. Kifayen asalin wurin, waɗanda kakanninsu suka yi dubban shekaru a wannan ruwa, da wannan cikar suke lissafin shekararsu. Tsawon rana ya ƙaru, ruwa ya fara ɗumi, gudunsa ya canza, waɗannan ukun su ne ke faɗa wa kifi cewa lokaci ya yi. Sai ka ga kifin da ya yi wata biyar bai matsa daga rami ɗaya ba ya tashi rana guda ya kama hanya. In kana son sanin abin da kifi yake buƙata daga kogi, a 'yan makonnin nan ne yake nunawa, kuma a makonnin nan ne dai ido ba ya ganin komai saboda ruwan ya yi kauri da laka, ga shi da ƙarfi ba ya shiguwa. Rediyo ba ruwanta da laka.

Amma tana da nata abokan gaba, guda biyu manya: zurfi da gishiri. Ruwa yana cinye siginar rediyo, kuma gwargwadon yawan ma'adinan da suka narke a cikinsa gwargwadon saurin cinyewar, don irin wannan ruwan yana ɗaukar lantarki sosai. Shi ya sa a teku rediyo ba ta aiki kwata-kwata, can sai na'urar sauti wadda ake saurara da makirfon na cikin ruwa. Ita kuma ta sautin in ta shigo kogi mai kumfa da hayaniyar duwatsu sai ta rikice, kowacce dai da gidanta. A kogi in kifi ya nutse ƙasa da 'yan mitoci siginar sai ta fara raunana, in ramin ya yi zurfi sosai ma kana iya wucewa ta kansa ba ka ji komai ba. Yawancin 'yan rediyon kifi suna aiki ne wajen megahaz 150, wasu kuma sukan zaɓi na ƙasa wajen 40 saboda ya fi jure ruwa mai ma'adinai, sai dai shi kuma yana buƙatar ƙatuwar eriya mai wahalar ɗauka. Wani abin sha'awa a nan, narkakkiyar ƙanƙara kusan ba ta da gishiri, don haka a tsakiyar cika ma'adinan ruwan sukan ragu ya fi barin sigina ta wuce, amma kuma a daidai lokacin zurfin ya ƙaru, wato abin da aka ba ka da dama an karɓe wani ɓangarensa da hagu.

Akwai kuma wani abu da na ga mutane da yawa ba su sani ba. Siginar da ta tashi daga cikin kifi ba duka take fita sama ba, wadda ta doshi saman ruwa kusan a miƙe ce kawai take tsallakewa, cikin kusurwa ta kusan digiri 6, sauran duk sai ta koma ciki. Saboda haka ga mai saurare a waje, kamar siginar tana fitowa ne daga wani ɗan wuri a saman ruwa daidai kan kifin, daga nan ta bazu cikin iska. Wannan ne ya sa ake iya jin kifi daga gaɓa ko daga mota ko ma daga jirgin sama ba tare da an tsoma komai a ruwa ba, kuma wannan ne babban abin da ya fifita rediyo a kogi mai tsawon ɗaruruwan kilomita wanda wani sashensa yana cikin kwazazzabon da ba hanyar mota.

Sa na'urar kuwa tiyata ce ta gaske. Za a kamo kifin da raga ko da kwale-kwale mai sakin lantarki kaɗan a ruwa wanda ke sumar da shi na ɗan lokaci, a sa shi a baho mai maganin barci, ko dai wanda ake kira MS-222 ko wanda aka haɗa daga man kanumfari, in ya saki jiki a kwantar da shi rigingine kan wani abu mai laushi ana zuba masa ruwa ta baki don numfashi kada ya tsaya. A tsaga ciki kaɗan, a tura na'urar, a bi da wayar eriya ta cikin wata doguwar allura mai kariya a fitar da ita ta gefen ciki can baya don kada ta riƙa goga bakin yankan, a yi ɗinki biyu ko uku, duka-duka in hannun ya ƙware minti uku zuwa biyar ne. Sai a mayar da shi ruwa mai kyau har ya dawo hayyacinsa. Ga salmon manya masu hawa kogi, da yake sun riga sun daina cin abinci, akan tura na'urar ne ta baki zuwa tumbi ba tare da yanka ba.

Akwai tsohuwar ƙa'ida da ake yawan ambata, wai nauyin na'ura kada ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin kifin. An yi ta muhawara a kanta, wasu gwaje-gwaje sun nuna wasu kifaye na ɗaukar fiye da haka ba matsala, amma ni a ganina gara a riƙe ta a matsayin birki, saboda duk amfanin aikin ya rataya ne kan zato guda, cewa kifin da aka yanka yana yin abin da 'yan uwansa marasa yanka suke yi. In na'urar ta yi masa nauyi ko ciwon bai warke ba, to abin da kake bi ba halin kifi ba ne, halin majinyaci ne. Kuma an sha gani, kifin da aka sa wa na'ura yana tsakiyar hawa sai ya juya ya gangara baya na kwanaki kafin ya sake tasowa, wani ma ya fasa tafiyar gaba ɗaya. Shi ya sa masu hankali sukan yi tiyatar tun kaka ko farkon shekara, watanni kafin cika, ruwa na da sanyi ƙwayoyin cuta ba su da ƙarfi, kuma cikin macen bai cika da ƙwai ba balle a rasa wurin sa na'urar.

Nan kuma batir yake shigowa da nasa ciniki. Ƙaramin kifi ƙaramar na'ura, akwai waɗanda ba su kai rabin giram ba amma makonni kaɗan suke yi su mutu, manya kuwa da ake sa wa ƙaton kifi irin wanda ake kira sturgeon sukan yi shekaru. In kana son ta daɗe sai ka rage yawan bugawarta, in ka rage kuma kifi mai sauri zai iya wuce tashar saurare tsakanin bugu ɗaya da na biyu ba a ji shi ba. Wasu sukan saita ta ta yi barci lokacin hunturu ta farka daf da cika. Na zamani kuma kowacce tana aiko da lambarta, don haka kifaye da yawa na iya zama a zangon rediyo ɗaya, wato megahaz ɗaya, risiba ta bambance su, saɓanin da can da kowane kifi sai an ba shi zangonsa kana ta juya maɓalli ɗaya bayan ɗaya kifin da kake nema ya wuce kana kan zangon wani.

Sauraren iri uku ne a taƙaice. Akwai tashoshin da ake kafawa a gaɓa da sola da batir, galibi a mahaɗar koguna ko ƙasan dam, da eriya biyu ɗaya ta kalli sama ɗaya ta kalli ƙasa don a san ta ina kifin ya fito ina ya nufa, suna aiki dare da rana. Akwai jirgin sama da ke share dogon zango cikin awa kaɗan amma kuskurensa na iya kai ɗaruruwan mitoci. Sai kuma bi da kwale-kwale ko a ƙafa da eriyar nan mai kama da ƙashin kifi da ake kira Yagi, wadda aka ƙirƙiro a Japan a 1926, kana juya ta inda sauti ya fi ƙarfi nan ka nufa, kana matsowa kana rage ƙarfin risiba har ya zama ba ka jin sa sai in kana daidai kansa, sannan ka ɗauki GPS, ka auna zurfi da gudun ruwa da ɗuminsa, ka duba ƙasan tsakuwa ce ko yashi. Wannan na ƙarshen shi ya fi wahala da haɗari a lokacin cika, ga itatuwa na yawo a ruwa, amma shi ne ke faɗa maka irin wurin da kifin ya zaɓa ba kilomita nawa yake kawai ba.

To me aka samu da duk wannan wahala? Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na kogin Green da Yampa, rassan kogin Kolorado a yammacin Amurka. Akwai wani kifi a can mai suna pikeminnow, a da yakan kai kusan mita 1.8, shi ne babban mafaraucin kogin. A 1962, daf da a fara tare ruwa a sabuwar madatsar Flaming Gorge, hukumomi suka zuba gubar rotenone a kusan kilomita 700 na kogin Green da rassansa don a kashe kifayen da a lokacin ake ganin ba su da daraja a zuba kifin trout na masu kamun nishaɗi. Abin yana da ciwo in ka tuna cewa bayan shekara biyar kacal, a 1967, sai ga wannan kifi a jerin masu fuskantar ƙarewa. A farkon shekarun 1980 wani masani mai suna Harold Tyus da abokan aikinsa suka sa wa manyan kifayen rediyo, sai ga abin mamaki, kifayen da suke warwatse a koguna daban-daban, kowane da ramin da yake zama, in cika ta kai ƙololuwa ta fara sauka sai su kama hanya, wasu sama wasu ƙasa, tafiyar da kan wuce kilomita 100 wani lokaci ninkin haka, su haɗu a wurare biyu ƙanana: wani sashe na kwazazzabon Yampa da wani a kwazazzabon Gray na kogin Green. Su zuba ƙwai a tsakuwar da ambaliya ta wanke, su juya kowa ya koma gidansa, shekara ta zagayo su sake.

Ka duba abin da wannan ya canza. Kafin nan in an ce a kare kifin nan, tunani zai tafi ne kan inda aka fi kama shi. Bayan nan sai ya bayyana cewa rayuwarsa zare ce doguwa, ramin hunturu a wuri guda, tsakuwar zuba ƙwai a wani wuri mai nisa, sannan lungunan ruwa masu kwanciya da ɗumi can ƙasa inda ruwa ke kai 'ya'yan su girma. Ka yanke zaren a ko'ina, da dam ko da janye ruwa, duka ya warware. Kuma ya fito da darajar kogin Yampa, wanda har yanzu cikarsa ta bazara tana kusa da yadda Allah ya yi ta saboda ba babbar madatsa a kan gangar jikinsa. A 1988 aka kafa shirin haɗin gwiwa na farfaɗo da kifaye huɗu na wannan yanki, kuma irin wannan bayani na cikin abin da aka riƙa kafa hujja da shi wajen tsara yadda za a saki ruwa.

Ɗaya daga cikin huɗun, razorback sucker, mai ƙusumbi a bayan kai wanda kan rayu sama da shekara 40, shi nasa lissafin daban ne. Shi tun ruwa na hawa yake zuba ƙwai, a wata tsakuwa kusa da Jensen a jihar Yuta, don 'ya'yan su fito daidai lokacin da kogi ya haura ya shiga fadamu, can ne ruwa ke da ɗumi da abinci. Matsalar da aka gano ita ce sau da yawa ruwan da ake saki daga Flaming Gorge yana kai ƙololuwa ya fara sauka kafin 'ya'yan su fito, su fito su tarar ƙofar fadama ta rufe, su zauna a tsakiyar kogi mai sanyi cike da baƙin kifaye masu cin su. Daga 2012 aka sauya tsari, ana kafa tarkon fitila da dare a gefen kogi, ranar da aka fara ganin 'ya'yan a tarko sai a sanar da masu kula da dam su ƙara ruwa. Na kawo wannan ne don a ga iyakar rediyo. Ita ta taimaka wajen nuna inda iyaye ke taruwa, amma jaririn kifi mai tsawon santimita ɗaya ba ya ɗaukar na'ura, sai da aka haɗa da wata dabara daban kafin hoton ya cika.

Wannan darasi ya fi fitowa fili a labarin pallid sturgeon na kogin Misuri, farin kifi mai dogon hanci wanda zuriyarsa ta daɗe ƙwarai a duniya, an sa shi a jerin masu fuskantar ƙarewa a 1990. A yankin Montana da Dakota ta Arewa waɗanda suka rage na daji duk tsofaffi ne, shekaru da dama ba a ga sababbin da suka taso da kansu ba. Da farko mutum zai ce to sun daina haihuwa ne. Aka bi su da rediyo a bazara, aka ga suna hawa kogin Yellowstone, wani reshe na Misuri, mace na tafe maza na taruwa, kuma ba a tsaya kan zato ba, ana kama macen kafin tafiya a yi mata sikanin a auna nauyinta a ɗebi jini, bayan rediyo ta nuna ta tsaya wuri guda ta yi ta kai da komo sannan ta juya, sai a sake kamo ta a ga ƙwan ya fita nauyi ya ragu. Ashe suna haihuwa. Matsalar tana gaba: 'ya'yan sturgeon in sun ƙyanƙyashe ba sa iya tsayawa, ruwa ne ke tafiya da su kwana da kwanaki, ɗaruruwan kilomita, kafin su yi ƙarfin kama ƙasa. Su kuwa iyayen wata tsohuwar madatsar ban ruwa mai suna Intake, wadda aka gina tun farkon ƙarni na 20, ta tsare su kusan kilomita 115 daga bakin kogin, a ɓangaren Misuri kuma ga madatsar Fort Peck. Don haka suna zuba ƙwai a ƙasa-ƙasa, 'ya'yan ba su gama tafiyarsu ba sai su faɗa bakin tafkin Sakakawea da madatsar Garrison ta tara, inda ruwa ke kwanciya laka ta taru a ƙasa ba iskar oksijin, nan suke mutuwa.

Wato ba wurin haihuwa ne ya yi ƙaranci ba, tsawon kogi ne ya yi ƙaranci. Ni wannan ne nake ganin ya fi komai muhimmanci a duk maganar, kuma ba za a taɓa gane shi da raga kaɗai ba. Rediyon ce kuma ta nuna mafita, don a 2014 da ruwa ya cika sosai wasu 'yan kaɗan masu na'ura sun zagaye madatsar ta wani reshen ruwa na gefe suka haura har kogin Powder, wani reshen Yellowstone can sama, wanda ya nuna cewa in an ba su hanya za su bi. A 2022 aka kammala wata hanyar ruwa da aka haƙa mai tsawon sama da kilomita 3 da ke zagaye Intake, kuma a bazarar farko tashoshin saurare suka ji kifaye masu na'ura sun bi ta ciki sun wuce sama.

Yanzu bari in zo kan inda ake yawan zamewa, don taswira mai ɗigo-ɗigo tana da saurin shiga rai, mutum ya ga kamar ya ga gaskiya tsirara. Abu na farko, siginar tana faɗa maka inda na'ura take ne, ba lallai inda kifi yake ba. Kifin na iya mutuwa na'urar ta kwanta a ƙasa tana ta bugawa wata da watanni, kai kana rubuta cewa kifi ya samu wurin da yake so. Karen ruwa ko mikiya na iya cinye shi ka tarar da na'urar a tudu ƙarƙashin bishiya, ko babban kifi ya haɗiye shi ka yi kwanaki kana bin mafaraucin. Wasu kifayen ma, musamman dangin tarwaɗa, jikinsu kan nannaɗe na'urar ya tura ta cikin hanji ya fitar da ita, kifin na nan lafiya lau ya tafi abinsa. Don rage wannan ne ake sa wa na'urori wani abin jin motsi, in ta yi awoyi da yawa ba ta motsa ba sai bugun ya canza, amma a ruwa mai gudu igiyar ruwa na iya girgiza ta ta ci gaba da nuna kamar da rai.

Na biyu, rashin jin kifi ba ya nufin ba ya nan. Yana iya kasancewa a rami mai zurfi, ko kusa da dam inda injina da wayoyin lantarki ke cika iska da hayaniya, ko ya shiga wani rafin da ba wanda ya yi tunanin dubawa. Wannan yana karkatar da sakamako ta hanya mai wuyar gani, saboda kifin da ke ruwa marar zurfi kusa da hanyar mota shi ake ta ji, sai rahoto ya fito cewa kifin ya fi son irin wannan wuri alhali mai binciken ne ya fi iya zuwa can. Masu aiki da kyau sukan ɗaure na'ura a igiya su nutsar da ita a zurfi daban-daban su gwada daga nisa nawa ake jin ta, kuma su maimaita in ruwa ya canza, don abin da ka auna a Maris ba shi ne na Yuni ba.

Na uku shi ne adadi. Na'urorin na da tsada, ga kuɗin jirgi da mai da ma'aikata, don haka bincike da yawa kifi 20 ne ko 30 ko 50, a ciki wasu su mutu wasu su ɓace. Ɗigo dubu daga kifi goma ba shaida dubu ba ce, shaida goma ce da aka yi ta maimaitawa. Kuma su waye goman? Waɗanda suka kamu ne, manya ne da za su iya ɗaukar na'ura, daga inda kwale-kwale ke iya shiga. Ga kuma shekara, bazarar fari da bazarar ambaliya kamar koguna biyu ne daban, ga kifi irin sturgeon da macensa ba kowace shekara take zuba ƙwai ba sai bayan biyu ko uku, in ka bi ta shekara ɗaya ka ga ba ta motsa ba ka ce ba ta ƙaura, ka yi kuskure babba. Shi ya sa ake haɗawa da ƙananan alamomin nan na PIT masu kamar ƙwayar shinkafa, ba su da batir ba sa mutuwa kuma suna da araha har a sa wa dubban kifaye, sai dai ba a jin su sai kifi ya zo daf da eriya. Rediyo ta nuna maka inda za ka shimfiɗa eriyar, PIT ta ƙirga maka masu wucewa.

Akwai ma inda ake juya dabarar kan baƙin kifaye masu ɓarna, a sa wa 'yan kaɗan rediyo a sake su su koma cikin garke su tona inda ake taruwa a zo da raga, haka aka yi da kifin carp a tafkunan Tasmaniya ta ƙasar Ostareliya bayan an gano shi a can a 1995.

Sannan akwai nauyin da ke kan mai yankan, wanda ban ga ya kamata a wuce shi da sauri ba. In kifin da ya rage a kogi 'yan ɗaruruwa ne ko ƙasa da haka, kowace mace mai ƙwai da ka ɗora a tebur ka taɓa wani yanki na makomar zuriyar. Wayar eriya da ke jan baya na iya harɗewa da ciyawa ko ta riƙa goga bakin ramin da ta fito, batir in ya mutu sau da yawa na'urar tana nan a cikin kifin har ƙarshen ransa. Don haka tambayar da ya kamata a amsa kafin a buɗe ciki ita ce wace shawara ce wannan bayani zai canza, ranar buɗe ƙofar dam ce, ko inda za a haƙa hanyar kifi, ko wane reshe ne za a hana janye ruwansa a watan Mayu. In babu amsa, gara a bar kifin cikin ruwansa.

A Yellowstone yanzu aikin ya koma mataki na gaba, kuma ya fi na baya jinkiri. Wucewar kifi ta sabuwar hanya abu ne da tasha ke rubutawa cikin dare ɗaya, amma abin da ake nema shi ne mace ta haura can sama sosai ta zuba ƙwai inda 'ya'yan za su samu isasshen nisa, sannan a je ƙasa da raga mai ƙananan idanu a tace ruwa ana neman 'ya'yan, a kai su ɗakin gwaji a duba ƙwayoyin halitta don a ido ba a bambance su da na danginsu shovelnose da ya fi su yawa nesa ba kusa ba, bayan wasu shekaru kuma a sake neman matasan da ba su da alamar gidan ƙyanƙyasa a jikinsu, wato waɗanda suka taso a kogi da kansu ba waɗanda mutane suka rena suka zuba ba. Mace a wannan zuriya takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara zuba ƙwai, batirin da ke cikin iyayen kuwa zai mutu a sake kamo su a canza wani tun kafin 'ya'yan bana su kai wannan shekarun.